LNB ɗin da na saya a Terminus, da maganar 0.1dB ɗin da ke jikin kwali

Jama'a sati uku kenan da na canza kan dish ɗina, wato LNB, abin nan da ke karɓar sigina a gaban dish, tsohon ruwa ya shige shi tun damina, da na kwance shi har tsatsa ta cinye bakin wayar. Na shiga kasuwar Terminus a Jos wani ɗan shago na sayo sabo, yaron shagon ya nuna min kwali da yatsa yace "Oga duba, 0.1dB ne, ko ana ruwa ba ya ɗaukewa."

Gaskiya kan yana aiki. Na hau kwano da kaina na ɗaura, sigina ta haura sosai fiye da da, tashoshin da suke kakkatsewa duk sun zauna, robar murfin ma mai kauri ce. Farashi ba laifi. Amma ranar da hadari ya taso ta wajen Bukuru hoto ya daskare kamar kullum, to wannan ba laifin kan bane, ruwa ne ke shanye siginar.

Abin da ya dame ni shine wannan lambar. 0.1dB fa na nufin hayaniyar da na'urar ke yi da kanta bata wuce kusan digiri 7 a ma'aunin Kelvin ba (ma'aunin zafi ne da sifilinsa shine ƙarshen sanyi, da shi ake auna irin wannan hayaniyar), kuma duk abin lantarki in dai da ɗumi a jikinsa sai yayi tasa hayaniyar, balle wanda ke shan rana a saman kwano. Masu binciken sararin samaniya da ke neman sigina mai rauni irin wadda tsawon zangonta ke wajen milimita sai sun sanyaya na'urorinsu har ƙarfe ya daina yi wa lantarki turjiya kwata-kwata. A ALMA, cibiyar hangen sararin samaniya da ke hamadar Atacama a Chile, dish 66 ne, ana sanyaya masu karɓar siginar zuwa wajen digiri 4 Kelvin. Tauraron ɗan adam na hangen sama mai suna Herschel da Turai ta harba a 2009 da ruwan helium ya tafi saboda sanyayawa, da ya ƙare a 2013 aikin kallon ya tsaya kenan. Akwai ma wata irin na'urar gano haske da ake ajiye siririn ƙarfe daidai gaɓar da zai koma mara turjiya, ɗan ɗumi kaɗan in ya taɓa shi sai turjiyar ta yi tsalle a gane haske ya iso. Duk wannan wahalar da kuɗin ake yi, sannan ace min kan dish na kasuwa ya kusa kamo su, ko sanyin Jos na Disamba ai bai isa ba.

Na koma shagon sayen waya na faɗa wa yaron, yace wallahi Oga haka ake kawo musu. Na yarda dashi, ba shi ya buga kwalin ba. Zan sake saya a wajensa, har na ce wa maƙwabcina ya je, amma ya naɗe mahaɗin wayar da tef sosai kafin damina.