Shagon Filasta Ko Na Roba: Wanne Za Ka Saya Wa Ƙaramin Layin Dogonka?

Duk wanda ya shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kan teburi ya san wannan: kwana biyun farko kallon jirgin yana zagayawa ya ishe ka, a na uku sai ka ga filin fayau, ba gida ba kanti, kamar tashar da mutane suka ƙaurace wa. Daga nan ne ake fara neman ɗan shagon da za a kafa a bakin tasha. Galibinsu a wargaje suke zuwa cikin kwali, kai za ka haɗa, wani lokaci kai za ka yi fenti. Akwai na filasta, na roba, na kwali da na katako, kuma hoton da ke bayan kwalin ba zai faɗa maka wahalar da ke ciki ba.

Kafin maganar kayan da aka yi shagon da shi, duba ma'auni, wato yadda aka ƙanƙanta girman gaske. Ma'aunin da ake kira HO, wanda ya fi yawa a Amurka da Jamus, kashi 1 ne cikin 87 na girman gaske, wato ƙofa mai tsayin mita 2 takan dawo milimita 23. Mutanen Ingila sun fi riƙe OO, kashi 1 cikin 76. Su biyun a kan dogo ɗaya suke tafiya, mai faɗin milimita 16.5, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa: jirgin zai hau, amma shagon OO ya ɗara na HO da wajen kashi ɗaya cikin bakwai, in ka jera su ido zai kama. Shi kuwa N, 1 cikin 160, ƙofarsa ba ta kai milimita 13 ba. In idonka ya fara neman tabarau, ka yi tunani.

Na filasta shi ne zuciyata ta fi kwantawa da shi, don haka zan daɗe a kansa. Dangin POP ɗin nan ne da ake yi mana silin da shi, sai dai masu wannan sana'a a Amurka sun fi amfani da Hydrocal, wanda kamfanin USG ke yi, ya kuma fi POP na gama-gari tauri. Kamfanin Downtown Deco na jihar Montana ya yi suna da irin waɗannan tsofaffin kantuna na bayan gari, a Ingila kuma akwai Townstreet. In ka buɗe kwalin za ka tarar da bangaye farare fat, masu nauyi da sanyi a tafin hannu, galibi da tagogi da ƙofofi na roba da allunan talla bugaggu. Kai bango ɗaya bakin taga ka karkata shi ga haske: ga bulon da ya gutsure, ga inda shafe ya ɓaɓɓake, ga tsaga ta gangaro daga kusurwar taga. Da hannu aka sassaƙa na asalin kafin a zuba, shi ya sa bulon bai jeru reras kamar na inji ba.

Amma fa yana da hali. Gam ɗin roba ba ya kama shi ko kaɗan. Sai farin gam na kafintoci, ko mai haɗi biyu irin Araldite. Gefen bangayen ba kasafai yake zuwa a miƙe sak ba, dole ka manna samfefa a kan gilashi ko tayil, ka riƙa goga bangon a hankali har kusurwa ta haɗu ba gibi. Kada ka riƙe samfefar a hannu, gefen zai yi maka doro. Ƙurar kuwa fara ce mai laushi, ka yi aikin a tsakar gida, kuma kada ka wanke ragowar kwaɓin filasta a magudanar ruwa, can zai daskare.

Wajen fenti ne filasta ke biyan mai shi. Ƙishirwa gare ta: ka ɗiga tsinkakken fenti, kafin ka ɗaga buroshi ta shanye. Wasu wannan suke so, sai su tsinka fentin ruwa ya zama kamar shayi su riƙa rina bangon, launin ya fito dishi-dishi kamar dutsen gaske. Matsalar ita ce abin da ta sha ta sha ke nan, ba gogewa. Ga sabon shiga na fi son hanya ta biyu: a fara feshe bangon da fentin share fage marar ƙyalli, siriri, a bar shi ya kwana, sannan a bi da launin bulo, a zuba tsinkakken fari-fari ya gangara cikin layukan siminti, a ƙarshe a ɗan taɓa da baƙi-baƙi a ƙarƙashin tagogi inda ruwan sama ke bi. Ka yi duk wannan bangayen suna kwance, kafin haɗawa.

Na taɓa yin odar wani daga waje, ya iso bangon gaba ya rabe biyu, garin filasta na zuba daga kwalin. Raina ya ɓaci. Na haɗa ɓarin da farin gam, na yi fenti, yanzu tsagar nan ita ce baƙi suke fara nunawa suna tambayar yadda na zana ta. Filasta takan karye tsaf, bakin ya koma mazauninsa. Amma in ta gutsure bayan fenti, farin zai fito kamar haƙori, sai ka koma da buroshi.

Na roba kuwa shi ne na mai son kwanciyar hankali. Faller na Jamus da Walthers Cornerstone na Amurka yawanci da launinsu suke zuwa, ka yanke ka manna da gam ɗin roba, kafin la'asar shago ya miƙe. Na kamfanin DPM, wanda yanzu yake hannun kamfanin Woodland Scenics, kantunan jan bulo ne masu kyau, sai dai launi ɗaya suke zuwa, suna son fenti da ɗan gugar gefe. Roba ba nauyi, ta jure tafiya, ta jure hannun yara. Aibinta ƙyalli: in ba ka kashe shi da fenti marar sheƙi ba, kayan wasa zai ci gaba da zama. Kuma kada ka bar ta a mota cikin zafin bazara, ko kusa da tagar da rana ke duka. Siraran bangaye sukan lanƙwashe.

Na kwali, irin su Metcalfe na Ingila, a buge yake zuwa da launinsa, an ma tsaga maka wurin yanka. Na kamfanin Scalescenes ma fayil za ka saya ta intanet ka buga da kanka, ba kuɗin aike, ba jiran kwastan. Daga nesa ba laifi, shi ya sa nake jera su a can baya. Kusa kuwa bulon hoto ne kawai, araha ba ta ado. Ga laimar damina, ga kyankyaso da gara. Na katako da aka yanka da laser ya dace da rumfa ko shagon katako, amma fentin ruwa kan sa shi kumbura ya karkace in ba ka tokare shi ta ciki ba.

To, wanne? In wannan ne shagonka na farko, ɗauki na roba, ka koyi daidaita kusurwa da sarrafa tsinkakken fenti a kan abin da ke wankuwa. Na filasta ka tanade shi don wurin nan guda na gaba-gaba, inda mai kallo zai sunkuyo. Ɗaya ko biyu sun isa. Da yawa za su yi wa teburin nauyi, aljihun ma haka, don kuɗin aike da kilo ake lissafa shi. Ka haɗa har da kuɗin gam da fenti da buroshi, kwalin ba ya zuwa da su. Fentin feshi kuma ka nema a gida, gwangwaninsa ba kasafai ake yarda ya hau jirgin sama ba.

Akwai gwajin da ba zai ci maka komai ba. Je wurin masu POP a unguwa ka roƙi kofi ɗaya, ka kwaɓa, ka zuba a murfin roba kaurin rabin santimita. In ya kama, ka zana layukan bulo da tsinin allura, ka bar shi ya bushe sarai, ka gwada fenti a rabi da share fage, rabi babu. In ka ji daɗin aikin, yi odar, ka kuma roƙi mai sayarwa ya naɗe kowane bango daban, kwali cikin kwali.