Ƙarin karatun motsin hanjin yara da nake yi a Amurka

Salam ƙanena Dakta, ya aiki ya kwanan asibiti, ya su Hajiya. Ka tambaye ni wannan shekarar da na ƙara wai karatun me nake yi har yanzu, kuma ko kai ma ka sa shi a lissafi. To bari in warware maka, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Anan sai ka yi residensi, wato horon ƙwarewa, na yara shekara 3, ka ɗora feloshif, wato ƙarin horo a fanni ɗaya, na ciki da hanta na yara wata shekara 3, sannan wanda yake so ya ƙara shekara 1 kan jijiyoyin hanji da motsinsa kawai. Shekara 7 kenan bayan makarantar likitanci, mu 'yan waje kuma ga jarabawar lasisin likitanci ta USMLE ga takardar hukumar tantance likitocin waje ta ECFMG, in kuma bizar J-1 ce ta kawo ka akwai sharaɗin komawa gida shekara 2 sai dai in an ɗage maka. Wuraren da suka yi suna ba su da yawa, akwai Nationwide a Kolombus ta jihar Ohayo, akwai asibitin yara na Boston da na Sinsinati, gurbin ma yawanci bai wuce mutum ɗaya ko biyu ba. A Ingila kuma Great Ormond Street da ke Landan ake tura yaran da hanjinsu yake yi kamar ya toshe alhali in an duba ba abin da ya tare shi. Kaga mu a gida konsoltan ɗaya ne da hanta da gudawa da tamowa da komai, nan ko mutum zai ƙare rayuwarsa a kan yadda hanji ke matsawa.

Jigon aikin shi ne manometiri, wato auna ƙarfin matsawar da siririn bututu mai na'urori jere a jikinsa. Ana yin na maƙoshi, na tumbi da farkon ƙaramin hanji, na babban hanji da na dubura. Na babban hanji shi ya fi burge ni wallahi. A kwantar da yaro a wanke masa ciki tas, a sa shi barci a shigar da bututun da kyamara, a ɗauki hoto a tabbatar ya zauna daidai, in ya farfaɗo a fara ɗauka yana da yunwa, a ba shi abinci a ci gaba, daga ƙarshe a zuba bisakodil, maganin motsa hanji, ta cikin bututun kowa ya zuba wa kwamfuta ido. In hanjin lafiya yake sai ka ga jan launi ya taso daga dama yana gangarowa tashar bayan tashar har ƙasa, kafin ka ɗago kai yaron ya fara mutsu-mutsu yana kiran uwarsa zai yi bayan gida. In kuwa ya zo wani wuri ya mutu, to nan matsalar take, kuma da wannan hoton ake zama da likitan tiyata a yanke ko za a cire ɓangaren ne, ko a buɗa 'yar ƙofa a ciki a riƙa wanke hanjin daga sama irin aikin Malone da aka fito da shi a 1990, ko a ƙyale yaro ba tiyata kwata-kwata. Shekarar nan rabinta koyon karanta waɗannan launukan ne, don motsin yaro ko kuka ko tari duk suna zana nasu, kuma wanda bai goge ba zai iya sa a yanke hanji mai lafiya.

Ciwon Hirschsprung, wanda ake haihuwar yaro ba ƙwayoyin jijiya a ƙarshen hanjinsa, shi ne ya fi tsaya min a rai in na tuna gida. Kusan jariri 1 cikin 5,000 ne, maza sun ninka mata wajen sau 4. Nan jariri ya wuce awa 48 bai yi baƙin kashin farko ba an fara bincike kenan, a gefen gado ake tsotso ɗan nama daga dubura ba tare da an sa shi barci ba, a kai lab a yi masa rinin kalretinin a ga ko akwai ƙwayoyin jijiyar. Ka tuna yadda suke zuwa mana, ɗan shekara uku ciki kamar tulu ƙafafu sirara an sha zagaye kafin a iso.

Amma fa kar injin ya ruɗe ka. Fiye da kashi 90 na yaran da ke fama da taurin bayan gida hanjinsu kalau ne, sau ɗaya kashi ya ji musu zafi suka fara riƙewa, yana taruwa yana ƙara tauri har ya riƙa zubowa a wando ba su sani ba, iyaye su ɗauka gudawa ce ko iskanci. Maganin garin PEG ne mai tausasa kashi, nan Miralax a kanti kake ɗauka ba takarda, a Ingila Movicol, a ba da isasshe wata da watanni, a zaunar da yaro a masai bayan cin abinci da ɗan abin taka ƙafa. Haka masu dawo da abinci baki 'yan mintuna bayan ci ba yunƙurin amai, kallonsu suna ci da tambaya mai kyau sun isa, maganin kuma koyar da numfashin ciki ne. Ƙa'idojin gane irin waɗannan cututtukan da ake kira Rome IV na 2016 duk sun tsara wannan kuma ba sa buƙatar ko soket. Malamanmu sun fi matsa mana kan wa bai kamata a yi wa gwaji ba.

Ɓangaren da ke ci min rai kuma inshora. Kafin a yi gwajin sai kamfani ya amince, sai in share rabin yini a waya ina yi wa wani bayanin abin da bai taɓa gani ba, iyali sun riga sun ɗauki hutu za su tuƙo daga wata jiha, a ce a sake turo takarda. A Ingila a tsarin lafiyar gwamnati na NHS ba ka biya amma akwai layi. Kuma nan da wuya ka ga ɗan residensi ya tsaya ya taɓa ciki da kyau kafin ya rubuta hoto, yawancinsu ba su taɓa ganin hanjin da taifod ya huda ko tibin ciki ba, a nan kam mun fi su hannu nesa ba kusa ba.

Shawarata, in niyyarka komawa gida ce to manometirin babban hanji ba zai bi ka ba yanzu, bututun tsada gare shi kuma saurin lalacewa, sai da nas da aka horar da mai sa barci da wutar da ba ta ɗaukewa a tsakiyar gwajin awa shida. Na dubura kuwa ƙarami ne, ɗan balan-balan ake hurawa a ga ko tsokar dubura ta ciki ta saki, wannan zai zaunu a asibitin koyarwa. Kafin ka kashe kuɗin USMLE ka leƙa lab ɗinku ka tambaya ko suna rinin kalretinin, ka kuma ji ta bakin likitan tiyatar yaranku ko zai zauna da kai asibitin haɗin gwiwa ko sau ɗaya a wata, abin da suka ce ka turo min sai mu san ko feloshif za ka nema ko zuwan gani da ido na 'yan watanni. A gaida iyali.