Lesin yamma na 'yan sakandare a yankin Ɗambatta: gwajin Asabar ya yi, takardar bango ce matsalar

Ajujuwa biyu ne aka aro a wata firamare, a wani gari da ke kan hanyar Ɗambatta zuwa Kazaure. Ana shiga bayan La'asar a tashi gab da Magariba, Litinin zuwa Alhamis, sai gwaji ranar Asabar da hantsi. Masu zuwa 'yan SS2 ne da ke jiran kwalifayin, jarrabawar da gwamnatin Kano ke tace waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO, da 'yan SS3 masu neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi.

Gwajin Asabar ɗin shi kaɗai ya ci kuɗin da iyaye ke biya. Tambaya 20 ake ɗebowa daga takardun WAEC da NECO na baya, a ba da minti 30, a yi musayar takardu, malami ya warware su a allo tun yaro bai manta inda ya ɓace ba. Tsarin yana da madogara: a 2006 masu bincike Roediger da Karpicke sun nuna cewa wanda aka gwada kan abin da ya karanta ya fi mai maimaita karatu tunawa bayan mako guda. Malamin lissafin kuma ya iya jera tambaya, biyar na farko masu sauƙi ne da gangan. Yaron da bai taɓa cin aljabara ba sai ya ga maki biyar sun fito daga hannunsa, wanda tun 1977 masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya ce shi ne mafi ƙarfin abin da ke sa mutum ya yarda zai iya. Nasiha ba ta yin wannan aikin, komai daɗinta.

Ranar Litinin ake ɓata rawa da tsalle. Ana liƙa sakamako a bango daga na ɗaya har na ƙarshe, suna da maki, a kuma yi amfani da shi wajen raba aji A da aji B. Masu cibiyar suna ganin gasa ce. Gasa ce ga 'yan saman takardar; na ƙasa kuwa kowane mako tabbaci yake samu cewa shi daƙiƙi ne. Binciken Herbert Marsh da John Parker na 1984 a Ostiraliya ya nuna ɗalibi yana auna kansa ne da waɗanda ke zaune kusa da shi: yara biyu masu ƙoƙari ɗaya, wanda ke cikin haziƙai shi ya fi raina kansa. Don haka yaron da ke na uku a makarantar ƙauyensu, ya zo nan ya ga sunansa a tsakiya, yana iya karaya alhali karatunsa bai ragu ba. Ayyukan Marsh na baya sun ƙara nuna cewa abin yana zagayawa: kallon da ɗalibi ke yi wa kansa a darasi yana taɓa makinsa na gaba, makin kuma ya dawo ya taɓa kallon. Nan "ni ba na jan lissafi" take samo asali, daga ita sai komawa bencin baya, sai fashi.

Gyaran bai kai kuɗin alli ba. A cire takardar, a ba kowa kati mai layi uku: makin wancan mako, na wannan mako, da babi ɗaya da zai gyara. Wanda ya tashi daga 6 zuwa 9 a faɗa masa ya ƙara uku, ko da na ashirin yake.

Jadawalin ma yana cutar 'yan mata. Lissafi ne darasin ƙarshe, su kuma na ƙauyukan kewaye dole su kama hanya kafin rana ta faɗi. A dawo da shi farko. Da kaka, lokacin girbin gero da gyaɗa, maza kan yi fashi, kuma babu darasin cike gurbi.

Mai shirin JAMB kada ya dogara da nan kaɗai, don babu kwamfuta ko ɗaya. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, daƙiƙa 40 kenan kowace, kuma rashin sabo da kwamfuta zai cinye lokacin. A nemi cibiyar CBT, inda ake jarrabawa ta kwamfuta, a gari a yi atisaye kafin ranar. Mai sa yaronsa kuwa ya fara tambaya ko an sauke takardar bangon.