Asibitin kuɗin da muka kai ƙanwata a Garki, Abuja: likitan ya iya sauraro, lab ɗinsu kuma sai haƙuri

Wata takwas kenan ƙanwata tana fama da wata irin gajiya da barci ba ya maganinta, tun wani zazzaɓi da ta yi ba ta sake komawa daidai ba. Ta yi shara ko ta je kasuwar Wuse ta dawo, washegari ko ɗaga kai ba ta iya yi. Kowa da abin da yake faɗa, wasu su ce lalaci ne, gwaggonmu ta ce iska ce, mai kemis ɗin layinmu kuwa kullum taifod da maleriya, allura dai ta sha ta har ta gode Allah.

Shi ne muka kai ta wani asibitin kuɗi a Garki. Abin da ya burge ni, likitan bai yi mana irin ta "sha wannan ki dawo" ba, ya zauna kusan minti 40 yana tambaya, barcinta, mantuwa, jiri in ta daɗe a tsaye. Ya ce mata, "Malama, ba ƙarya kike ba, akwai ciwo mai irin wannan alamun." Wallahi sai ta fashe da kuka.

Ya yi mana bayani cewa ana kiransa ME/CFS, wato ciwon gajiya mai tsanani da ke daɗewa, kuma babu gwajin jini guda da ke nuna shi, sai an fara kawar da su ƙarancin jini, suga, ciwon hanta da matsalar maƙoƙo tukuna. Da na dawo gida na duba a intanet, ashe tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, amma kuɗin bincike a kansa ɗan kaɗan ne, ko a Amurka hukumar binciken lafiya ta ƙasar, NIH, ba ta kai dala miliyan 20 a shekara a kansa. To ina ga mu nan? Shi ya sa har yau ba maganin da ke warkar da shi, sai lallaɓawa.

Na kuma ji daɗi da bai ce ta dage da motsa jiki ba, cewa ya yi ta riƙa auna ƙarfinta, ta huta kafin jikin ya ƙare. Ingila ma a 2021 ta janye shawarar ƙara motsa jiki mataki-mataki ga masu ciwon.

Sai dai lab ɗinsu fa! Mutum da ko zama wahala yake mata, aka bar ta awa biyu a kan bencin ƙarfe ba inda za ta kishingiɗa, sakamako ɗaya ya ɓata sai da aka sake ɗiban jini, kuma aka so mu sake biya sai da na ɗaga murya. Tsada kam ba a magana.

Likita na ba shi tara cikin goma, lab uku. Mako mai zuwa za mu koma, amma gwajin a wani wuri za mu yi mu kawo masa takardar.