Gargaɗi ga masu neman sayen gidan haya a Kaduna

Naira miliyan 18 na tura wa wani mutum da ya nuna mini cewa shi ne mai gida a matsayin kafin alƙalami, a kan wani bene mai sassa huɗu da muka yi ciniki a kan miliyan 60, kuma har yau ko sisi bai dawo hannuna ba. Miliyan 18, kuɗin sallamata daga aiki haɗe da na filin da na sayar.

Masu cewa na yi gaggawa su gaya mini abin da za su yi da sun ga abin da na gani. Da makullin da ya zaro daga aljihunsa ya buɗe ƙofar gidan, 'yan haya suka fito suna gaishe shi, har wata mata ta tare shi da ƙorafin famfonta, ya ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri, ga sabon mai gida nan, shi zai gyara." A gabana ya faɗa, yana dafe da kafaɗata, ni kuma na amsa mata da in Allah ya yarda. Wa zai yi zargin mai makulli, wanda rasit ɗin haya ke ɗauke da sa hannunsa?

Ashe wakili ne kawai mai karɓar haya. Gidan na gado ne, ba a raba ba, maganarsa tana gaban alƙali. Babban ɗan marigayin ne ya shaida mini haka ranar da na kai mai fenti. Tun kafin nan, kafin ma in tura kuɗin, na nemi satifiket ɗin mallakar gidan, wakilin ya ba ni kwafi, ya rantse cewa na ainihin yana wurin lauya sai an cika miliyan 42 da suka rage. Dillalin da ya haɗa mu, wanda ya karɓi la'adar naira dubu 900, yanzu cewa yake shi ma yaudararsa aka yi.

Kada wanda ya biya ko kwabo sai ya riƙe takardar ainihi, ya bincika fayil ɗin gidan a KADGIS (hukumar da ke rajistar filaye a jihar Kaduna), ya tambayi mai unguwa ko gidan na magada ne.

Shaidar tura miliyan 18 ɗin, da saƙonnin muryar wakilin na WhatsApp, da yarjejeniyar da ya sa wa hannu a gaban shaidu, duk zan saka hotunansu da zarar lauyana ya ba ni izini.