Baƙin tankin roba ko farar roba mai nuna ciki, wanne za a sa a ƙarƙashin tire?

Ɗan uwa, kan tankin ajiye ruwan taki na noman da ba a sa ƙasa, inda shuka ke zaune a tire ruwa yana hawa yana sauka, tsakanin biyun nan da ka tambaya, wato baƙin tankin roba mai kauri da murfi da farar robar nan da ake hango ruwa ta jikinta, ka ɗauki baƙin kawai kada ka tsaya dogon tunani.

Ni shi ne a ƙarƙashin tiren latas ɗina kuma gaskiya ya hutar da ni. Tayima, wato na'urar da ke kunnawa da kashewa kan lokaci, ta kunna famfo, injin tura ruwa da ke cikin tankin, ruwa ya hau tire ya jiƙa saiwoyi kamar minti 15, ta kashe ruwan ya gangaro ya koma, haka dai sau da yawa a yini, amma duk sanda na ɗaga murfi na zura hannu jikin tankin ba santsi ko kaɗan, ruwan tas har ƙasa, in na ɗago kofin shuka daga tsakuwar yumbu sai ka ga saiwa fara sol ba wari, wallahi abin yana min daɗi. Sirrin ba wani abu ba ne illa duhu. Ruwan taki da zarar haske ya same shi gansakuka za ta tsiro, ita kuma ba ado kawai take ɓatawa ba, tana cinye takin da ka auna wa shuka, da rana ta ɗaga maka pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, da dare ta shanye iskar da saiwa ke buƙata, ƙarshe ta toshe ragar famfo kana zaune kana zaton tire yana cika ashe rabi yake kaiwa.

Farar dai abu ɗaya zan ce tana da shi, kana ganin inda ruwa ya tsaya ba sai ka buɗe ba. Shi ke nan. Ga shi yawancinsu ba kauri, lita 100 ta ruwa kilo 100 ce, cikinta zai bultso murfi ya daina zama. Sanda mai alama ta ishe ka auna ruwa a baƙin.

Inda baƙin yake da matsala zafi ne, in rana tana dukansa ruwa zai ɗumama, kuma ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai, daga nan ruɓewar saiwa take farawa. Ana so ruwan ya tsaya wajen digiri 18 zuwa 22 a ma'aunin Celsius, to ka tura shi inuwa ƙarƙashin tiren ka naɗe jikinsa da wani abu fari, in da hali ka jefa dutsen iska a ciki, wato ɗan dutsen nan da ake haɗa wa injin hura iska yana sakin kumfa a ruwa.

Girma kuma kada ka yi ƙwauro. Ya ɗauki kamar ninki biyu na ruwan da ke cika tire, don ko tire ya cika har bututun da ke mayar da rarar ruwa tanki, famfo yana nan a nutse, famfo in ya ja iska ƙonewa yake. Kuma kada ka cika shi lokacin da ruwa ke sama, in ya dawo zai malale maka a ƙasa. pH ka riƙe shi tsakanin 5.5 da 6.5, in ruwa ya ragu ka ƙara tsabar ruwa ba taki ba don kada gishirin ya yi yawa, duk mako ɗaya ko biyu ka zubar gaba ɗaya ka wanke tanki da ragar famfo ka haɗa sabo.

Don Allah ka kula da masu sayar da tsohon tanki, wani zai ɗauraye wanda aka zuba maganin ƙwari ko mai a ciki ya rantse maka na abinci ne, alhali roba tana shan abin da ya daɗe a cikinta. Ka kifa shi ka duba alamar nan mai kusurwa uku a gindinsa, lamba 2 ko 5 kake nema, sannan ka buɗe ka shaƙa, in ka ji wani wari ka bar masa kayansa ko da lambar ta yi daidai. In ya ce maka ga durom na ƙarfe mai rufin zinki ya fi ƙarko kada ka saurare shi, ruwan taki yana da ɗan tsami zai narko zinkin ya shiga saiwa.