Sharhi a kan M29C Weasel da aka sayar mini a matsayin gyararriya

Shekara ɗaya da wata huɗu ke nan da aka sauke mini M29C Weasel, ƙaramar motar sojan Amurka mai tafiya a kan sarƙa ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, daga kan tirela, kuma a tsawon wannan lokaci sau uku kacal ta shiga ruwa, shigar farkon ma ba ta kai minti goma ba. Ba zan ambaci sunan dillalin ba, domin masu harkar tsofaffin motocin yaƙi sun san irinsa, sun kuma san abin da ake biya kafin a mallaki mai tafiya da ƙafarta. Abin da ya rubuta a tallarsa shi ne an gyara ta daga ƙasa har sama, tana tafiya a tudu, tana iyo a ruwa. Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta sa na biya kuɗin da na biya.

Da farko LVT-4 nake sha'awa, wato babbar motar soja mai sarƙa da take shiga ruwa, amma wadda nauyinta ya haura tan 10, ga inji mai silinda 7 irin na jirgin sama, ba abin da mutum ɗaya zai riƙe a garejinsa ba ne. Weasel kuwa ƙarama ce, nauyinta bai wuce tan 2 da ɗoriya ba, kuma injinta shi ne Champion mai silinda 6 wanda kamfanin Studebaker ya riƙa sa wa motocinsa na gida, don haka kayan gyaransa ba su da wuyar samu. A nan dole in yi wa dillalin adalci, domin aikin injin ya yi kyau ƙwarai. Murɗa ɗaya yake tashi, ba hayaƙi, ba ƙara, lagireto ba ya tafasa, kuma giya tana shiga ba tare da gurnani ba. Na yi mako uku ina zagaya fili da ita, ina koyon jan sandunan nan biyu da suke maye gurbin sitiyari, ina ratsa laka da taɓon da ko a ƙafa mutum ba zai yarda ya shiga ba, kuma a kwanakin nan duk wanda ya tambaye ni sai in ce masa na yi sa'ar ciniki.

Ranar da za mu gwada ta a ruwa mun zaɓi tafki mai kwanciya wanda gaɓarsa take da gangara mai sauƙi, saboda kowa ya san M29C ba ta jure igiyar ruwa, kuma tazarar da ke tsakanin bakinta da saman ruwa kaɗan ce ko da lafiyarta ƙalau. Na bi duk abin da littafin gyaranta na sojoji ya tsara: na ɗaure marufan ramukan tsiyaye ruwa da ke ƙasan bodi, na sauke filafilai biyu na baya da ake karkata ta da su, na ɗaga allon gaba mai tare ruwa. Makanikina, dattijo ne da ya daɗe a aikin tarakta da manyan injuna, ya nace sai an ɗaura mata igiya mai kauri an haɗa da taraktar da ke bakin gaɓa. Na ga kamar ɓata lokaci ne, har na yi masa ba'a, amma ya ce, "Maigida, fenti na gani, ban ga ƙarfe ba tukuna." Na ƙyale shi ya ɗaura.

Ba zan ɓoye daɗin da na ji ba a lokacin da sarƙoƙin suka rabu da ƙasa, ƙarar ƙarfe a kan tsakuwa ta ɗauke, motar ta yi lilo kaɗan sannan ta daidaita. Tafiyarta a ruwa ba ta wuce kilomita 6 a awa, domin ba ta da farfela, sarƙoƙin da take takawa da su su ne suke tura ruwan, amma a wannan minti biyu ko uku ban damu da saurinta ba. Sai na ji sanyi a idon sawuna. Na ɗauka feshi ne ya tsallako ta gefe, har na ci gaba da taka mai, sai makanikin ya ɗaga farantin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, muka ga ruwa yana ɓulɓulowa ta gefen dama kamar an buɗe famfo, yana ɗauke da ɓarɓashin tsatsa da wasu farare-fararen gutsattsari da ban gane su ba a lokacin. Injin yana gaba ne a dama da direba, nauyi tun asali ya fi yawa a wannan ɓangare, don haka nan da nan motar ta fara karkata. Na ja igiyar filafilai don in juya, amma juyawar Weasel a ruwa abu ne mai ɗaukar lokaci da faɗin wuri, kuma kafin hancinta ya fuskanci gaɓa ruwan ya kai ga fankar inji, fankar ta shiga watsa shi a kan wayoyi da filogi. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Wanda bai taɓa shiga irin wannan mota ba ba zai fahimci abin da hakan yake nufi ba: idan inji ya mutu sarƙa ta tsaya, idan sarƙa ta tsaya babu abin da zai matsa da kai ko taku ɗaya, sai dai ka zauna kana kallon ruwa yana hawa. Tsakaninmu da gaɓa bai fi mita 15 ba. Igiyar da na yi wa ba'a ita ta fito da mu, kuma lokacin da tarakta ta ja mu kan tudu ruwa ya riga ya shafe kujerata.

Washegari muka kwance tankunan iska na gaba da na baya, waɗanda su ne suka bambanta M29C da M29, samfurin da ya riga ta, muka tarar na bayan ma ya sha ruwa. Makanikin ya ɗauko ɗan maganaɗisu yana bin ƙasan bodin da shi. A wasu wurare yana kamawa gam, a wasu kuma sai ya faɗo kamar an ɗora shi a kan katako. Da ya sa kurfi ya kankare, sai ga filar da masu gyaran bodi suke cike lotsa da ita, kaurinta ya kai yatsa, an shafa ta a kan ragar waya, an bi da baƙin kwalta, sannan aka fesa koren fentin soja a kai. Farare-fararen gutsattsarin da na gani suna yawo a ruwa ita ce. A ƙarƙashinta akwai rami mai tsawon kamu ɗaya a daidai inda bangon bodi ya haɗu da ƙasansa, wurin da ruwan sama yake taruwa idan mota ta yi shekaru a waje marufanta a ɗaure. Mun ƙirga irin wannan faci guda bakwai.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne duk wanda ya taɓa gyara Weasel ya san nan ne ciwonta. Asalinta ba jirgin ruwa ba ce. An fara ƙera ta ne a 1942 don wani hari da aka shirya kaiwa kan tashoshin lantarki a Norway a cikin dusar ƙanƙara, bisa shawarar wani Baturen Ingila mai suna Geoffrey Pyke, kuma sharaɗin shi ne ta yi sauƙin da za a iya jefo ta daga jirgin sama da lema. Ba a kai harin ba, amma motar ta gaji wannan rashin nauyi, wato ƙarfen jikinta siriri ne ainun, ba sulke, kuma tankunan iyo daga baya aka ƙara mata su. Ƙarfen da aka yi shi siriri da gangan fiye da shekara 80 da suka wuce ba ya yafe wa tsatsa, kuma mai sayarwa da ya ce ya gyara irin wannan mota alhali bai yanke ruɓaɓɓen wuri ya yi sabuwar walda ba, ya san sarai abin da ya rufe.

Da na kira shi, amsar farko da ya ba ni ita ce shi ba jirgin ruwa ya sayar mini ba, kuma yawancin masu sayen irinta baje koli suke kai ta, ba tafki ba. Na karanta masa tallarsa da bakina. Ya yi shiru, ya ce zai bincika da wanda ya yi masa aikin bodi. Ban sa ran zan sake jin muryarsa ba, amma bayan kwana goma sai ga saƙo, ya aiko da sababbin farantan ƙarfe da aka lanƙwasa daidai da ƙirar ƙasan bodin, da robobin toshe ruwa na wajen da gatarin baya yake fita, ya kuma ɗauki nauyin rabin kuɗin walda. Ban san dillalai da yawa da za su yi haka ba bayan kuɗi sun shiga hannu, kuma a lokacin na yarda da zancensa cewa shi ma rufe shi aka yi.

Aikin ya ci wata biyar. Sai da aka fitar da inji da giya, aka wanke su saboda ruwan da ya gauraya da baƙin mai, aka ɗaure bodin da sanduna don kada ya murɗe idan an yanke ƙasansa, sannan mai walda ya bi a hankali, ɗigo-ɗigo, saboda ƙarfe siriri yana lanƙwashewa da zarar zafi ya yi masa yawa. Kafin mu koma tafki mun zuba ruwa a cikin bodin a kan tudu muka kwana muna duba ƙasa, abin da da na yi shi tun farko da ban jiƙa ba. Shiga ta biyu mun yi minti arba'in a kan ruwa, ƙasan motar a bushe, kuma na gane dalilin da ya sa sojojin Faransa suka dogara da ita a fadamun Indochina, masu binciken ƙanƙara na Faransa kuma suka kai ta Greenland bayan yaƙi. Kulawar da take nema bayan kowace shiga ruwa tana da yawa, domin sai an bi ƙananan tayoyin da ke cikin sarƙa ɗaya bayan ɗaya da giris har sai tsohon mai ruwa-ruwa ya fito, a duba man gatari ko ya yi fari, a buɗe marufan ƙasa a bar su a buɗe, amma wannan ban ɗora wa kowa laifinsa ba, halin motar ne. Da a wannan makon na rubuta sharhin nan, da tauraro huɗu zan ba shi.

To, amma akwai sarƙa. Sarƙar Weasel ba irin ta tanka ba ce mai gaɓoɓin ƙarfe da ake cire ɗaya a sa wata. Farantai ne aka dankwafe da ƙusoshi a kan ɗamarar roba, a cikin robar kuma akwai wayoyin ƙarfe, su ne suke ɗauke da dukkan ja. Tawa mai faɗin inci 20 ce, irin wadda aka koma sa wa Weasel daga baya, kuma a talla an rubuta cewa tana da kyau sosai. Bayan shiga ruwa ta uku na lura da wani jan ruwa-ruwa yana tsattsafowa daga tsagar roba a sarƙar hagu. Na goge da tsumma, sai tsumman ya fito baƙi, ashe ita ma robar fenti aka shafa mata don tsagogin su ɓuya. Jan ruwan nan tsatsar wayoyin ciki ce. Kwana biyu bayan haka, ina juyawa a hankali a kan busasshiyar ƙasa, ɗamarar waje ta tsinke da ƙara kamar an harba bindiga, sarƙar ta zame daga kan tayoyi. Da na duba bakin tsinkewar, wayoyi biyu kawai na ga masu hasken ƙarfe, sauran sun zama jar ƙasa, ana murza su da yatsa suna zubewa.

A nan uzurin da na karɓa ya daina gamsar da ni. Mai aikin bodi yana iya ɓoye wa dillali fila a ƙarƙashin kwalta, amma ba mai aikin bodi ba ne yake shafa wa robar sarƙa fenti, kuma mutumin da ya shekara da shekaru yana sayar da irin waɗannan motoci ya san sarƙa ita ce abu mafi tsada da wuyar samu a jikin Weasel, tun da waɗanda suka rage daga zamanin yaƙi duk sun tsufa tare. Ina kuma tunanin abin da zai faru da a tsakiyar tafki ta tsinke, ranar da na saki jiki na bar igiya a gida. Har fushin ranar farko ma ya dawo mini sabo, domin yanzu ina ganin farantan da ya aiko ba don kunya ya aiko su ba, don dai in yi shiru ne kafin in gano na biyun.

Tauraro biyu na ba shi, kuma duka biyun na injin ne. Na aika masa hotunan wayoyin sau biyu, har yau bai amsa ba. Motar tana kan katakai a gareji, sarƙar hagu a shimfiɗe a ƙasa, ni da makanikin muna huda tsofaffin ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya don mu ɗora farantan a kan sabuwar ɗamara, kuma mun kai kusan rabi. Ta dama ban taɓa ta ba tukuna, amma jiya na ga irin jan ruwan nan a wurare biyu.